Ba a Faɗa wa Mutum Yana Tsaye

Shin da sauran rai a jikin mijina Malam lokacin da suka kewaye shi da wayoyinsu? Shekara guda ke nan da 'yan watanni ina yin wannan tambaya. Na tambayi 'ya'yana, na tambayi direban da ya kawo mana gawarsa, na tambayi limaminmu, kowa sai ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri. Haƙuri ina yi, amma amsa ban samu ba. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka na sa a rubuta mini wannan magana yadda ta fito daga bakina. Zan faro ta daga ranar da na fara ganin yadda ake kai labarin mutuwa, ina yarinya.

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, a ranin ƙarshe da muka yi a tsohon garinmu kafin ruwan madatsar Tiga ya tashe mu. Ban san shekaruna ba, na dai san na gama famfara, kuma an fara ɗora mini ƙaramin tulu. Muna gindin tsamiyar ƙofar gidanmu ni da ƙawayena muna carafke, sai muka ga maza suna fitowa da gudu sun nufi fadama, wasu da fartanya, wasu da igiya. Muka watsar da duwatsun muka bi su. Ashe Bawa mai haƙar rijiya ne ƙasa ta rufta da shi. Kafin mu ƙarasa, wani dattijo ya tare hanya da karan dawa a hannu ya kora mu baya. Ni da yake ba na jin magana, sai na zagaya na hau kan wani suri na leƙa. Na ga lokacin da suka jawo shi. Amma fuskarsa ban gan ta ba, domin kafin ya gama fitowa daga ramin babana ya riga ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa masa, wani ya warware rawaninsa ya ƙara a kai. Sauran mazan suka jeru suka kewaye shi kamar danga. Abin da idona ya samu kawai tafin ƙafarsa ne, jajir da ƙasa.

Gidan Bawa bai fi a ƙwala kira a ji ba daga wurin, amma babu wanda ya ɗaga murya. Mazan suka wuce zauren Maigari suka zauna, daga nan aka aiko kiran kakata, Iya Delu, mahaifiyar babana. Ita ce unguwarzomar garin, ita ke wankan gawar mata, kuma ita ake aika wa mace idan abin ya faɗo a kanta. Ta fito tana gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Ladi, ɗauko mini butata, mu je." Tafiyar da za a yi kafin a shanye ludayin fura, sai da muka yi kamar za mu wani gari. Ta tsaya a gidaje biyu, kowanne ta kira matar gidan ta raɗa mata magana, ta ce ta biyo bayanmu a hankali. Na ƙosa, na ce, "Iya, ki yi sauri mana." Ta ce, "Wannan kayan da muka ɗauko ba ya lalacewa a hanya."

Muka iske Hurera matar Bawa tana tuyar ƙuli-ƙuli, mai yana tafasa a kasko, ga goyo a bayanta. Iya ta yi sallama, ta nemi ruwa ta sha, ta zauna a bakin turmi tana kukan gwiwa. Ta tambayi akuyar Hurera ko ta haihu. Ta ɗauki ƙuli guda ta juya shi ta ce, "Hurera, wannan ƙuli ne ko zoben yara?" Hurera ta yi dariya ta ce, "Iya, ke dai ba a iya miki. Ki ci ki ba ni labari." Ni ina tsaye da buta, ina mamakin yadda tsohuwar nan take iya tauna. Can sai Iya ta ce, "Sauke kaskon nan ki zo ki duba mini ƙafa, ƙaya na taka a hanya." Hurera ta sauke kaskon, ta janye itacen. Iya ta dube ni ta ce, "Karɓi yaron nan ki kai shi inuwa, ya sha hayaƙi." A daidai nan matan nan biyu suka shigo, ɗaya wai aron rariya, ɗaya wai ta zo ɗiban wuta. Sai da Hurera ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafar Iya a cinyarta tana neman ƙayar da babu ita, sannan Iya ta kama wuyan hannuwanta biyu ta riƙe gam, ta ce, "Hurera, mai kaya ya karɓi kayansa. Bawa ya riga mu." Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Ta zube, amma a jikin mata uku ta zube, kaskon mai yana can gefe yana hucewa.

A hanyar komawa na ce, "Iya, ai ba ki taka ƙaya ba." Ta ranƙwashe ni a ka, ba da ƙarfi ba, ta ce, "Allah ya san ƙayar." Sannan ta gaya mini abin da ban taɓa mantawa ba. Ta ce, "Ba a faɗa wa mutum yana tsaye. Ba a faɗa masa da wuƙa a hannu, ko wuta a gabansa, ko goyo a bayansa. Kuma ba a faɗa masa shi kaɗai."

Kada a zaci ƙuruciyata duk makoki ce. Mun yi wasa har mun gaji. Da sassafe in share tsakar gida, in taya innata surfe, in kai wa babana fura gona a kan gammo, ina tafe ina tsintar kanya. Idan gero ya fara ido, mu ake tsayarwa korar tsuntsaye, mu ɗaura gwangwanaye a igiya mu yi ta ja har hannu ya yi kanta. Da bazara bakinmu ba ya rabuwa da garin ɗorawa, Iya kuma ta dafa kalwa, warin daddawa ya cika unguwa mu yi ta toshe hanci tana zaginmu. Mu sassaƙa 'yar tsana da kara mu yi mata kitso da zare, mu yi mata biki. Matan Fulanin rugar bayan gari su kawo nono a ba su hatsi, su tsaya su yi ta tsokanar Iya wai ba ta iya gaisuwarsu ba. Kuma a wancan lokaci mu yara mu ne wayar gari. A kira ki a ce, je ki ce da Goggo a sammana gishiri, ko ki gaya wa wance gobe suna. Sai kin maimaita aiken sau biyu kafin a sake ki, in kin gamu da babba a hanya ki durƙusa ki gaishe shi. Amma aiken gishiri da na suna su ake ba yaro. Aiken mutuwa na manya ne, su ma ba kowa ba.

Gidanmu kuwa duk abin da zai shige shi sai ya tsaya a zaure. Baƙo ya tsaya a zaure, kaya su tsaya a zaure, labari ma haka. Da ƙanen babana ya kawo rediyo daga Kano, damina biyu ta yi a zaure, an rufe ta da ƙyalle, babana ne kawai yake kunna ta bayan la'asar. Sai da ya gama sanin irin maganar da ke fita daga cikinta sannan ya yarda ta shigo tsakar gida. Da aka kawo injin niƙa kasuwa, mata suka ce tuwonsa warin mai yake yi. Iya har ta koma ga Allah ba ta ci ba, in dai ta sani. Innata sai da ta shekara tana kallon masu kaiwa, sannan ta fara aikena da kwano a ɓoye. Ba na cewa mun yi daidai a komai. Kafaɗuna sun gode wa injin nan. Abin da nake cewa, mukan sansana abu kafin mu haɗiye shi.

Ko ruwan da ya ci garinmu bai zo mana bagatatan ba. An daɗe ana zuwa ana awo, ana taro, ana gardama a zauren Maigari. Da lokaci ya yi motoci suka kwashe mu da rumbunanmu da awakinmu zuwa sabon matsuguni, ruwa ya bi bayanmu a hankali ya rufe tsamiyar, ya rufe fadamar, ya rufe kaburburan kakanninmu. Mun yi kuka, amma mun samu damar yin sallama. A sabon garin Iya ta rasu, a nan aka aurar da ni ga Malam. Ɗan manoma ne da bai taɓa shiga kwale-kwale ba, amma ya koyi kamun kifi har ya fi waɗanda suka gada, da rani kuma ya yi tumatir da albasa a bakin ruwa. Ni ke gyara kifin, in soya wani in yi bandar wani. Fiye da shekara arba'in muna haka.

Waya kuwa ban san ranar da ta shigo ba, domin ba ta yi sallama ba. Na dai ga an kafa wani dogon ƙarfe a bayan gari. Na ga wani mutum a kasuwa ƙarƙashin lema mutane suna layi su yi magana da 'yan'uwansu. Kafin in juya, lemar ta ɓace saboda kowa ya sayi tasa, 'yar ƙarama mai tocila, wadda yara suka laƙaba wa sunan da bakina ba zai maimaita ba. Ban gama sabawa da wannan ba aka ce ta tsufa, yanzu sai babba wadda ake shafawa. Rumfar mai caji ta cika da wayoyi kamar an shanya kifi. Makiyayi yana bayan shanunsa kansa a sunkuye, amarya tana ɗaki kanta a sunkuye, mai acaɓa yana tuƙi da hannu ɗaya. Malam kansa, da furfurarsa, bai iya karatun boko ba amma ya gano ana aika murya, shi ke nan ya samu abin yi. Yana zaune a tabarma zai ji yadda kifi yake a kasuwa, ya ji muryar jikokinsa na Tudun Wada. Ba zan yi ƙarya don ina fushi ba: ranar da naƙudar 'yata ta zo da gardama, waya ce ta kawo mota. Amma abin da rediyo ta yi damina biyu tana jira, ita a yini ɗaya ta wuce shi, ta shige har ƙarƙashin matashin kai, kuma babu dattijo ko ɗaya da ya ce a tsaya a ga me take ɗauke da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wai a cikinta suka buɗe wani abu suka sa masa suna zaure. Zauren 'yan garinmu. Maza da mata da yara duk suna ciki, har da waɗanda suke kudu wajen neman abinci. Duk wanda ya ga dama ya jefa abin da ya ga dama, nan take kowa ya gani. Wane irin zaure ne wannan, ba ƙofa, ba babba, ba mai cewa dakata? Su nemi wani sunan su ba shi.

Ranar Talata ce Malam ya ɗauki bandar kifi ya hau acaɓa zuwa kasuwa. Bayan azahar ina tsaye a gaban murhu, mai yana tafasa, matsami a hannuna, sai Suwaiba matar autana ta fito daga ɗaki da sauri. Ta miƙo mini wayarta daidai fuskata ta ce, "Inna, duba nan, wannan ba hular Baba ba ce?" Na duba. Na ga kwalta, na ga kifi a warwatse, na ga takalmi wari ɗaya. Sai hoton ya matsa na ga fuskarsa. Rigarsa ta naɗe har ƙirji, cikinsa a waje, mutumin da ko 'ya'yansa ba su taɓa ganinsa ba riga ba. Kewaye da shi ƙafafun mutane ne, sama da su hannuwa, kowane hannu da waya. Wani yana salati. Wani yana cewa a tura ko za a samu danginsa. Wani kuma, wallahi da kunnena na ji, ya ce, "Matsa mana, ka tare ni." Kuma na ga kamar yatsun Malam sun motsa. Ko su ne suka motsa, ko hannun mai ɗauka ne ya yi rawa, Allah ne ya sani. Ban san lokacin da na faɗi ba. Kaskon ya biyo ni. Tabon yana nan a ƙafata ta hagu, daga idon sawu har ƙauri.

Bayan la'asar sai ga liman da mai unguwa da wata tsohuwar maƙwabciyarmu, suna tafe a hankali, sun zo su gaya mini yadda ya kamata. Suka iske gida ya riga ya cika da kuka, ni kuma ana shafa mini magani a ƙafa. Liman ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mana ta'aziyya. Daga baya direban da ya kawo gawar ya gaya mana cewa wata mata mai sayar da gyaɗa a bakin titi ce ta ratsa mutanen ta cire mayafinta ta rufe shi. Ban san sunanta ba, amma ba na sallah ban sa ta a addu'a ba. Mazan da suka cika wurin kowa da riga a jikinsa, hannuwansu ne ba su samu sarari ba. Kuma babu wanda ya iya gaya mini ko an samu mai durƙusawa ya laƙana masa kalmar shahada a kunne.

Suwaiba ban riƙe ta ba. Ta yi kuka har ta fi ni, ta durƙusa ta kama ƙafata tana neman gafara. Yarinyar ta tashi ta tarar ana yin haka ne, abu ya zo a nuna wa na kusa. Wa ya koya mata akasin haka? Ni da na san dokar Iya tun ina yarinya, shekara nawa muna gida ɗaya, ban taɓa zaunar da ita na gaya mata ba. Na ɗauka abu ne da kowa ya sani. Wannan fushin da kaina nake yi.

Amma wanda nake yi da mutane bai huce ba. Ina cikin takaba, a tsakar gidana, ranar sadakar bakwai, na ji muryar nan tana fitowa daga ƙarƙashin hijabin wata da ta zo mini gaisuwa: "Matsa mana, ka tare ni." Nuna wa ta kusa da ita take yi. Na miƙe da ƙonanniyar ƙafata na ce ta fice mini daga gida, ban damu da 'yar wa ce ba. Da na fita takaba na ɗauki sandata na bi gida-gida. In yi sallama, in zauna, in ce a goge mini mijina. Wasu suka goge a gabana suna hawaye. Wasu suka rantse ba su da shi, na san suna da shi. Wani magidanci, ɗan ƙawata, ya ce, "Inna, ko na goge nawa, ai ya riga ya tafi." Na ce, "Ya tafi ina?" Ya ce, "Ko'ina." Gaskiya ya faɗa. Bayan watanni 'yata ta Tudun Wada ta zo tana kuka, wai ta sake cin karo da shi, an ɗora masa muryar wani mai wa'azi yana jan kunne kan gudun ganganci.

Mun yi wa Malam wanka, mun sa masa likkafani, an yi masa sallah, an rufe shi da ƙasa. Duk suturar da ake yi wa Musulmi mun yi masa. Amma har yanzu yana kwance a bakin titi cikinsa a waje, a aljihun mutanen da ba su san sunansa ba. Dalilin da ya sa na ce a rubuta wannan ke nan, tunda ƙafata ba za ta kai ko'ina ba. Duk wanda yake da hoton wani tsoho mai farin gemu da shuɗiyar riga, kifi a warwatse kusa da shi, mijina ne, don Allah ya goge. In kuma wata rana ka iske mutum a kwance a hanya, mayar da ita aljihu, ka tuɓe rigarka. A garinmu na da, wanda yanzu kifi ke yawo a cikinsa, mutum yakan mutu sau ɗaya ne a gaban matarsa.

'Ya'yana sun saya mini waya, tana cikin kwalla ban taɓa ta ba, suna cewa Inna ta ƙi zamani. Ba ƙin zamani ba ne kaɗai. A ranar, kafin azahar, Malam ya kira wayar Suwaiba daga kasuwa ya ce a ba ni. A makon muna 'yar tsama da shi, saboda na kai masa tuwo ya bar shi ya huce yana sauraron muryoyin mutane. Ina zaune ina fere kifi, na ce, "Ce masa hannuna da ƙarni, kuma ni ba na magana da ƙarfe." Suwaiba ta buɗe muryar yadda duk tsakar gida za a ji. Na ji hayaniyar kasuwa a bayansa, na ji ya yi dariyar nan tasa mai haɗe da tari. Ban ɗago kaina ba, ban ajiye wuƙar ba. Ya ce, "To, Ladi, ci gaba da fushinki. In na dawo na gaya miki da bakina."